Amanar Gilasan Yaya Hamidu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamidu, malamin daji a ƙasar Katagum. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa aiko wa jarida komai ba. A makarantar horon malamai inda nake karatu ma, sai a yi mako guda ba a ji muryata a aji ba. Amma akwai abin da nake riƙe da shi a ciki tun bara, na kuma ga idan ban rubuta shi ba, ba wanda zai rubuta.

Aikin Yaya shi ne zagaya daji a kan keke, yana duba itatuwan da aka hana sara. A wajen gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida ya sayi akwatin ɗaukar hoto, irin na dā mai ƙafa uku, wanda ake lulluɓa kai da baƙin ƙyalle. Hoton irin wannan akwati a kan gilashi yake kamuwa, gilashi mai faɗin tafin hannu wanda aka shafa wa magani. Daga gilashin ne ake fitar da hoto a takarda. Idan gilashin ya salwanta kafin a fitar, hoton ya tafi ke nan.

Abin da mutanen Azare suka kasa ganewa shi ne, Yaya ba ya ɗaukar mutane. Attajirai sun sha aiko masa ya zo ya ɗauke su cikin babbar riga, sai ya ce akwatin ba shi da lafiya. Washegari kuma a gan shi ya ɗaure shi a bayan keke ya nufi fadama. Kogin Jama'are yake ɗauka idan ya cika da kuma idan ya janye, da kukoki, da kurmin giginya, da ragowar ganuwar tsohon garin Katagum. Yakan tsaya rabin yini a wuri guda yana jiran iska ta kwanta, don ya ce ganye in yana motsi hoto ba ya fita.

Lokacin yaƙin duniya ne, takardar hoto ta yi wuya, saboda haka kaɗan ƙwarai ya fitar, su ma ya rarrabar. Sauran duk suna kan gilashi. Kowane ɗaya yakan zana masa lamba a kusurwa da tsinin magagari, sannan ya rubuta a wani ɗan littafi: lamba kaza, wuri kaza, lokaci kaza. Da ya rasu sun kai ɗari da arba'in da biyu. Na san adadin domin littafin a hannuna ya bar shi.

Yana da amini, Malam Bukar, wanda iyayensa suka zo daga Barno suka zauna a unguwarmu. Tare suka tashi. Yaya ne ya koya masa haɗa magani da toshe ɗaki da bargo don kada haske ya shiga. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya, ya ga ba zai tashi ba, sai ya sa aka kira Malam Bukar. Ina nan zaune, na zo hutu daga makarantar midil. Ya ce akwatin ya bar wa Malam Bukar kyauta, ya ci abinci da shi. Gilasan kuwa amana ce, ya ajiye su a ɗakinsa mai rufin kwano, don namu na ƙasa yana yoyo, har ranar da na gama karatu na mallaki ɗakin kaina. Malam Bukar ya riƙe hannunsa yana hawaye, ya ce ya ɗauka.

Bayan rasuwar, Malam Bukar ya buɗe shagon hoto kusa da kasuwa, kuma Allah ya sa masa albarka. Duk hutun da na zo, sai in je in gaishe shi, in sunkuyar da kai in tambayi gilasan. Amsarsa ɗaya ce: suna nan ƙalau a ƙarƙashin gado, in dai yi karatu. Sau biyu na yi niyyar cewa ya nuna mini, kunya ta hana ni. Ya za a yi in ce wa aminin yayana ya buɗe akwati in ƙirga? Haka muka yi shekara shida.

Da na ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai, ya kira ni ya ɗauke ni hoto, bai karɓi komai ba. Ya sa shi a bayan gilashi, ya manna kwali a baya, ya naɗe gefen da baƙin ƙyalle mai danƙo, ya ce in kai wa Inna, mahaifiyarmu. Ta rataya shi a bango. Bara da damina laima ta ɗaga ƙyallen, Inna ta ce in gyara mata. Ina ɓare shi sai yatsana ya ji kaushi a kusurwa. Na kai bakin ƙofa na duba a haske. Lamba ce, 63, da hannun Yaya.

Na buɗe littafin. Ga abin da ya rubuta: "63. Kurmin giginya gabas da Gololo, bayan la'asar, ƙarshen damina. Na jira iska har ta kwanta." Na sake ɗaga gilashin. Fes yake, ba komai a kansa. Fuskata ce kawai ta zauna a bayansa shekara guda da rabi.

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya zuwa shagon. Na tarar yana gyara wa wani falke zaman hula, na jira har suka gama. Na ajiye gilashin a kan tebur, na ɗora yatsa a kan lambar.

"Yaya Bukar, wannan hannun Yaya ne."

Ya duba, ya yi 'yar dariya. "Kai dai, ɗan boko, ba abin da ke wuce maka."

Bai musa ba. Ya ce gilashin firam ba ya samuwa sai an je Kano, mutane kuma ba sa son hoto tsirara, ga gilasai jibge a ƙarƙashin gado daidai girman hotunan da yake yi. Ya fara da guda biyar, da niyyar ya tsaya nan. Ruwan zafi yake jiƙa su a ciki, ya kankare da aska. Sannan ya faɗi maganar da har yau take mini yawo a kai.

"Adamu, ɗaya bayan ɗaya na duba su kafin in taɓa. Da na ga mutum ko guda a ciki, wallahi ba zan kankare ba. Itace ne da ruwa. Itacen yana nan, kogin ma yana nan, ka je ka gani."

Na je na gani. Na ari keke na tafi Gololo, na tambayi hanya, na isa wurin bayan la'asar. Gonar gyaɗa ce daga nan har inda ido ya tsaya. Giginya uku suka rage. Wani manomi ya ce mini sauran sun zama azarar ɗakuna tun shekaru huɗu da suka wuce.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga ƙasar nan yau. Motocin gyaɗa suna ta kai da kawo, shaguna sun yi yawa, hotunan mutane sun cika zaurukan Azare. Ba na jin zai yi fushi da gyaɗar, ya san mutane sai sun ci. Ina jin ya hango haka tun lokacin, shi ya sa ya ƙi ɓata gilashinsa a kan manyan riguna. Mai riga yana da 'ya'ya da jikoki da za su tuna da shi. Kurmin ba shi da kowa sai mutumin da ya tsaya ya jira masa iska.

Ba kankarewar ce ta fi ci mini rai ba. Da baƙo ne ya tsinci gilasan ya yi haka, da na ce bai sani ba. Malam Bukar ya sani. Ya raka Yaya wasu tafiye-tafiyen, ya ga yadda yake tura keke cikin yashi da akwati a baya. Kuma duk sanda ya dube ni ya ce suna nan ƙalau, ya san da safiyar ranar ma mai yiwuwa ya kankare ɗaya. Ni ma ina da nawa laifin. Da na daure na ce ya nuna mini tun shekarar farko, da yawancinsu sun tsira.

Sha ɗaya ya miƙo mini a ranar. Ba don tausayi suka tsira ba, tsagewa suka yi, ba su shiga firam. Ya ce in bar su ya fitar mini da su a takarda kyauta. Na naɗe su a rigata na fito. Na yi wa kaina alkawarin ba zai ƙara taɓa su ba.

Alkawarin bai kai shekara ba. Da na zo hutun nan na tarar yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Ta tambaye ni abin da ke cikin gilasan, na karanta mata daga littafin. Da na zo kan na 88, mashigin kogi kusa da Katagum, wurin wata tsamiya mai reshe a kan ruwa, sai ta ce in tsaya. A Katagum aka haife ta, a wannan mashigin suke wanki tana budurwa, kuma tun da aka kawo ta Azare ba ta koma bakin kogin ba. Na ɗaga mata gilashin a haske, amma a gilashi komai a juye yake, sama baƙa, itace fari. Ta ce ba ta ga komai ba sai duhu. A duk Azare kuwa mutum ɗaya ne yake da takarda da magani.

Na koma shagon. Na gaishe shi kamar yadda ake gaida babba, na ce guda ɗaya na kawo, kuma tare za mu shiga ɗakin. Ya dube ni, ya gane. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ɗakin da aka toshe da bargo, ina kallon hannunsa har kogin ya fito a takarda. Tsagar gilashin ta ratsa ruwan daga gefe zuwa gefe. Na karɓi gilashin kafin na karɓi hoton. Haka na yi ta zuwa, kullum da ɗaya, har kwana goma sha ɗaya. A rana ta ƙarshe ya ce in yafe masa. Na ce ya yi mini addu'a Allah ya ba ni iko, don yanzu kam ban samu ba.

Inna ta kai hoton mashigin dab da fuskarta, ta daɗe. Ta nuna mini wani dutse a gefen hagu da ni ban ma lura da shi ba, ta ce a nan suke buga wanki. Sannan ta ce ashe Hamidu ya san wurin.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: hoto sha ɗaya, kowane da tsaga a tsakiya, da littafi mai sunayen wurare ɗari da talatin da ɗaya waɗanda ba wanda zai ƙara ganinsu yadda ya gan su. Ya yi kaɗan ga mutumin da ya ba aikin nan shekarunsa mafi ƙarfi. Amma ya isa tsohuwa ta ga bakin kogin garinsu sau ɗaya kafin idonta ya rufe. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.