Jadawalin da Na Zana wa Dawar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin noma a nan Zuru, aka koya mana yadda ake auna haɗari kafin a shiga kasuwanci. Hanyar ba wuya. Ka jera duk abin da zai iya ɓata maka sana'a, ka ba kowanne maki daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda yake yawan faruwa, ka sake ba shi wani makin gwargwadon ɓarnar da zai yi, sai ka ninka biyun. Wanda ya fi maki shi za ka fi tsoro. Abin ya shige ni sosai. Har kabu-kabun da zai kai ni makaranta sai na auna shi a raina kafin in hau.

A wannan shekarar ce aka biya mahaifiyata haƙƙin mahaifina. Soja ne, ya rasu yana bakin aiki, kuma ta daɗe tana zirga-zirga da takardu kafin abin ya fito. Ta yanke shawarar za ta sayi dawa da kaka a kasuwannin Ribah da Wasagu, ta ajiye har farashi ya tashi da damina, da ribar ta riƙe mu ni da ƙannena mata biyu. Wata ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci ta ce, "To malam, tunda kai ne mai karatun noma, ina za mu zuba ta?"

Na ɗauko takardar fulsikaf da rula, na zana jadawali mai kyau. Ƙwarin hatsi da ɓeraye suka zo sama, domin kowace shekara sai sun yi ɓarna. Laima ta biyo baya. Gobara da ɓarayi suka koma can ƙasa: ɓarnarsu biyar ce cif, amma yiwuwarsu ɗaya ce tak. Amsa ta fito a fili. Mahaifin abokina yana da shago a cikin gari, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe. A zuba buhunan duka a ciki, a sa magani, a kulle.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sai ta ce kashi uku za ta yi. Kashi ɗaya shagon, ɗaya ɗakin da ke bayan gidanmu, ɗaya kuma rumbun yayanta a Danko.

Na ce, "Mama, rumbun kawu fa ɓeraye ne ke sarauta a ciki. Ga kuɗin dako. Asara za ki yi da gangan."

Ta ce, "A cikin takardar nan taka, wanne ne in ya zo ba zai bar mini ko tiya ɗaya ba?"

Na ce gobara, amma ai makinta biyar ne kawai, na ƙwari kuwa goma sha biyu.

"Ɓera yana ci ya rage mini," in ji ta. Ta miƙe ta shiga madafa, maganar ta ƙare ke nan.

Haka ta yi kuwa. Kuma bari in faɗi gaskiya, babu wata gobara da ta tashi. Babu ɓarawon da ya taɓa ƙofar. Dawar shagon ta fito tas kamar ranar da aka zuba ta. Ta ɗakin baya ta ɗan yi ƙwari. Ta Danko kuwa ɓeraye sun sha biki, ga dakon kaiwa da dawowa a kan hanyar da ruwa ya cinye. Ta ci riba, amma da ta bi tawa da ta fi haka. Ban faɗa mata da baki ba, sai dai na yi kwanaki ina yawo a tsakar gida da fuskar wanda ya yi gaskiya.

Ban tsaya nan ba. Binciken kammala karatuna a kan 'yan kasuwar hatsi ne, sai na saka labarin a ciki, na ce wata 'yar kasuwa ce da ba ta yi boko ba, wadda rashin sanin hanyar auna haɗari ya jawo mata asara. Ina alfahari da wannan babin fiye da sauran.

Ranar kare binciken malamai uku ne a gabana. Biyu suka yi tambayoyinsu na yau da kullum. Na ukun dattijo ne mai magana a hankali, an gayyato shi daga wata makaranta. Ya buɗe daidai wannan babin, ya ɗaga kai.

"Matar nan, ka ce ta yi kuskure. Da me ka gane?"

Na ce, "Da sakamako, ranka ya daɗe. Shagon bai ƙone ba."

"Yaushe ka san bai ƙone ba?"

"Da damina, da aka buɗe."

"Ita kuma yaushe ta yanke shawara?"

Na ce da kaka ta yanke. Ya ce hukuncin da aka yanke da kaka, da abin da aka sani da kaka ake auna shi. Sannan ya tambaye ni ko matar tana da wata dukiya ban da wannan dawar. Na ce babu. Ya tambaya ko tana da miji mai albashi. Na ce ya rasu. Ya ɗan dube ni, ina jin a nan ya gane ko wace ce, amma bai tona ni ba. Ya ce kawai, "Jadawalinka bai da gurbin da za a rubuta ko wane ne mai dukiyar. Biyar ɗin mai shago goma daban, biyar ɗin mai shago ɗaya daban. Je ka gyara babin."

Na ci jarrabawar, da sharaɗin gyara. Da na isa gida na tarar da ita tana tankaɗe a ƙofar madafa. Na zauna a kan turmi na ba ta labarin duka, har da cewa na saka ta a bincike a matsayin misalin wadda ba ta iya ba. Na zaci za ta yi fushi. Dariya ta yi har ta ajiye rariya.

Da ta tsagaita sai ta ce, "Ai lissafinka daidai ne, ban ce ba daidai ba ne. Amma kai in ka faɗi jarrabawa, baɗi za ka sake. Ni kuwa kuɗin nan na babanka ne. Sau ɗaya ya mutu, sau ɗaya za a ba ni."

Na ɗauki tsintsiya na share garin da ya zube, abin da ban saba yi ba.

Yau aikina ke nan, duba tsarin sana'ar ƙananan manoma kafin ƙungiyarsu ta tallafa musu. Har yanzu ina amfani da jadawalin, yana da amfaninsa. Sai dai kafin in ba kowane haɗari maki, nakan tambayi mutum abin da zai rage masa idan mafi munin ya faru. In ya ce yana da shanu ko albashi, mu ci gaba da lissafi. In ya ce babu abin da zai rage masa, sai in rufe fayil ɗin, mu fara maganar yadda zai raba kayansa gida biyu ko uku, ko da ribar za ta ragu. Wasu suna ganin na cika tsoro. Nima haka na ga mahaifiyata a wancan lokacin, ina ɗan shekara ashirin da uku, ban taɓa riƙe abin da ba zai dawo ba.