Kawu Yeom, Mai Ƙyallayen Sakandaren Danmok

Ƙarfe shida saura kwata babur ɗinsa yake tsayawa a ƙofar Sakandaren Danmok, ko ana ruwa, ko dusar ƙanƙara ta kai ƙauri. Abu na farko, ya sauka ɗakin ƙasa ya kunna injin ɗumama azuzuwa, ya kara kunne ya ji ko yana tari. Daga nan sai tsintsiya. Yakan sharo tun daga matakala har bakin titi, kuma ba ya tsayawa a iyakar makaranta. Sai ya tsallaka ya share tashar bas da ke kallon ƙofarmu, inda 'ya'yan garin nan suke jiran motar shida da arba'in ta kai su babbar makarantar hedikwatar gunduma. Wato har waɗanda suka ƙi mu, shi yake share musu wurin tsayuwa.

Shekara ashirin da shida Yeom Chunbae yana haka. A takarda, ma'aikacin kula da gine-gine ne. Mu Kawu muke ce masa. Ƙarshen watan Fabrairun nan zai ajiye aiki yana da shekara sittin. Ni Bong Ayeong, likitar dabbobi a gundumar nan, a Danmok na yi sakandare, kuma ba na rage murya idan zan faɗi hakan. Na rubuto ne don na daɗe ina yi wa kaina tambaya a kan mutumin nan, sai bana na sami amsa.

Kowa ya san abin da ake faɗa a kan makarantarmu. A zauren tsofaffi, a layin awon tafarnuwa, a shagon gyaran gashi, magana ɗaya ce: "Danmok? Ai in kana numfashi an ɗauke ka." Uwa takan ja kunnen ɗanta ta ce, "Ci gaba da wasa, ka ƙare a tsallaken titi." Masu faɗin haka yawancinsu ba su taɓa taka farfajiyar ba. Ba su san ɗakin gwajinmu ba, ba su san malamin lissafi yana zama da mutum uku kacal bayan an tashi ba. Abin da suka sani shi ne sandunan mararraba.

A sandunan nan biyu da ke gaban shagon ƙungiyar manoma ake rataya ƙyallen taya murna. Duk hunturu babbar makaranta takan aiko da nata, bugun inji, ja da shuɗi: wane ɗan wane na ƙauye kaza ya shiga babbar jami'a a Seoul. Yaran garinmu ne, amma sunan makarantar wani. Mu kuwa sai da muka yi shekara goma sha ɗaya ba mu da ko ƙyalle ɗaya na shiga jami'a. A garin da ba a karanta rahoton makaranta amma kowa yana bi ta mararraba, wannan ya isa hukunci.

Ina aji ɗaya aka wayi gari da wani farin yadi a kan sandunan, rubutun hannu da baƙin fenti: Gu Taesik, jikan gidan Gu na bakin rafi, wanda ya gama Sakandaren Danmok, ya sami lasisin tuƙa katafila. Muna taya shi murna.

An yi dariya ranar. Mai shagon taliya ya fito da ludayi a hannu yana cewa, "Chunbae, gobe kuma sai na wanda ya iya ɗaure takalmi?" Wani dattijo ya ce, "Kai, rataya mini ni ma, jiya na ci tuwon shinkafa ban zubar ba." Kawu yana kan tsani yana gyara igiya, bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Yaya, in ka kawo takardar shaida zan rubuta."

Shugaban makaranta na lokacin kunya ta kama shi. Ya ce a sauke kafin azahar, wai muna ƙara wa kanmu abin dariya. Kawu ya ɗauki tsani ya tafi, sai ya tarar da kakar Taesik ta ajiye keken turawarta a gindin sanda ta zauna. Tsohuwar ba ta iya karatu ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ta tare shi: "Ɗan nan, idona ba kyau, me aka rubuta a can?" A karanta mata. Ta ce, "Wa? Sake faɗa." Direban bas ya ce shi kaɗai sau huɗu ya karanta mata. Kawu ya koma ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ba zan iya hawa ta kan tsohuwar ba. In kai za ka iya, ga tsanin." Ƙyallen ya yi kwana goma sha biyar.

Daga nan abin ya zauna. Wadda ta gama koyon jinya, wanda ya zama mai walda a masana'antar jiragen ruwa, wadda ta buɗe gidan burodi, wanda ya kammala aikin soja ya karɓi gonar tuffar ubansa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda yake samun labari. Mutum ya bar gari shekara shida, ko iyayensa sun ƙaura, amma sai ka ga sunansa a mararraba. Na bincika. Ashe mai kai wasiƙu tana tsaya masa, direban bas yana kawo masa, kuma duk ranar kasuwa yakan zauna a bencin asibiti kamar mai jiran likita, alhali jiran tsofaffi yake su fara fahariya da jikoki.

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai, a kaina ya faɗo.

A shekarata ta ƙarshe na sami gurbin karatun likitan dabbobi a Seoul. Gari ya ɗauka. Makaranta ta sa aka bugo ƙyalle mai faɗin titi, Kawu ya hau ya rataya don aikinsa ne. Amma na hannunsa, bai rubuta ba. Na jira mako biyu. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba, sai na same shi a ɗakin ajiya yana wanke buroshi.

"Kawu, mai katafila ya samu, mai burodi ta samu. Ni me na yi maka?"

"Me kika yi da za a rubuta?"

"Na shiga jami'a! Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya shiga!"

"Shiga kika yi," in ji shi. "In kin fito, ki zo."

Na fita na bugo ƙofa. Sai a lokacin na lura cewa bai taɓa rubuta wa kowa shiga ba. Duk ƙyallayensa na waɗanda suka gama ne. Me ya sa? Na tambayi malamai, ba wanda ya sani.

Seoul ta gwada ni. Ranar farko wata ta tambaye ni mu nawa ne a shekararmu, na ce goma sha tara. Ta ce, "A aji ɗaya?" Na ce a makarantar gaba ɗaya, shekararmu ke nan. Wani ya ce, "Oho, ta ƙofar 'yan karkara kika shigo." Abokan karatuna sun yi darussan da ni ban taɓa jin sunansu ba a makarantun kuɗi na yamma. Na faɗi kimiyyar sinadarai sau biyu. Na daina faɗin sunan makarantarmu, wannan kuwa har yau ina jin kunyarsa fiye da faɗuwar. A tsakiyar shekara ta biyu na haɗa jaka, na hau motar farko na dawo, ba da niyyar komawa ba.

Wa zan tarar a tasha in ba shi ba, da tsintsiyarsa.

"'Yar gidan Bong, hutu aka yi?"

"Na bari."

"To." Ya ci gaba da shara. Sai da ya kai ƙarshen benci ya ce, "Ɗaga ƙafa. Ni dai na riga na yanki yadinki, mita biyar, yana kan kabad. Yadi ba ya ruɓewa. Ɓeraye ne dai ban yarda da su ba."

Ba lallashi, ba faɗa. Haushi ya cika ni har wuya. Na kwana biyu a gida ina taya uwata ɓare tafarnuwa, a rana ta uku na koma, ba don ƙaunar sinadarai ba, don kada tsohon nan ya ga bayana. Shekara bakwai na yi a karatun shekara shida. Ranar da na dawo da takardata, tun daga kwanar gada na hango baƙin fentin. Na sa direba ya sauke ni kafin tasha, don kada mutane su ga fuskata.

Kawu, kai ne ka san cewa wasu ja ake yi da su, wasu kuwa tsokana. Kai ne mai tsani, wanda ya hau sama don a ga wasu, ya sauko ba wanda ya tambayi sunansa.

A kakar bara takarda ta zo daga ofishin ilimi: in sababbin ɗalibai ba su kai goma sha biyar ba a wannan shekara, za a rufe Danmok a haɗa ta da babbar makaranta. Yaran da suke gama ƙaramar sakandare a garin duka ashirin da shida ne. Malamai suka shiga gida gida. Ni ma duk gonar da na je duba saniya, sai na yi wa mai ita wa'azi hannuna yana cikin safar roba. Abin da na lura da shi shi ne maganar ta canja. Wata uwa ta ce mini, "Likita, na tsaya na yi tunani. Wadda take yi wa surukata allura 'yar Danmok ce. Wanda ya haƙa mana magudana ɗan Danmok ne. Ke ma ga ki. Waɗancan na jan ƙyallen kuwa, sai ranar bikin kaka muke ganin motocinsu." Ban da ƙyallayen nan, da ba ta san inda kowa ya yi karatu ba.

Duk da haka, ranar Alhamis, saura kwana ɗaya a rufe karɓar takardu, muna da goma sha huɗu. Iyali biyu da suka yi alkawari suka janye, kuma ban zarge su ba, kowa tsoron makomar ɗansa yake. Shugabar makaranta ta yanzu, Malama Pyo, ta ce mini ta riga ta fara tunanin inda za a kai littattafan laburare.

Da safiyar Juma'a, bayan ya gama shara, Kawu ya shiga ofishinta ya cire hula. Malama Pyo da magatakarda ne suka ba ni labarin, kuma bakinsu ɗaya. Ya ajiye ambulan a tebur. A ciki akwai takardar gama ƙaramar sakandare, ta yi rawaya, mai shekara arba'in da huɗu, da fom ɗin shiga a cike da rubutun nan da duk gari ya sani.

Ta ce, "Kawu Yeom, jikan wa ke nan?"

"Ba jikan kowa ba ne. Duba sunan."

Ta duba, ta sake dubawa. "Wasa kake?"

"Ranki ya daɗe, takardar cewa ta yi ɗalibi goma sha biyar. Ta faɗi shekaru?"

Ta buga waya ofishin ilimi. Aka ce ta jira. Bayan awa biyu suka kira: in yana da takardar ƙaramar sakandare, kuma zai ajiye aiki kafin a buɗe zango, ba abin da ya hana.

Da na ji, na bar ɗan maraƙi a hannun mai shi na taho. Na same shi a ɗakin ajiya yana nannaɗe tiyo.

"Kawu, don ka cike mana lamba ka yi?"

"Rabi da rabi," in ji shi. "Na taɓa shiga makarantar nan, Ayeong. Wata biyu na yi. Ranar da na shiga, babana ya yanka kaza, ya zagaya gari yana faɗa. Sai ciwo ya kwantar da shi ana gab da cire tafarnuwa, ni ne babba. Na ce in an gama girbi zan dawo. To, ga shi an gama."

Shekara goma sha ɗaya ina neman wannan amsa, ashe tana ɗakin ajiya.

Na ce, "Ka san dai 'yan aji biyu manyanka ne yanzu? Sai ka rusuna musu."

"Na sani. Jikar mai taliya ta riga ta ce in riƙa sayo mata madara." Ya rataya tiyon. "Ba wannan ne yake damuna ba. Turancin nan, har yanzu daga hagu ake fara shi?"

Ba na so kowa ya ɗauka an gama. Bana muka tsira, baɗi za a sake ƙirga, kuma ba mu da Kawu na biyu da za mu sa a aji. Saboda haka ina da magana da mutanen garinmu. Ku da kuke cewa ana shiga Danmok da numfashi, ku tsallako titin nan sau ɗaya, taku ashirin ne, ku zauna a bayan aji ku ji darasi, sannan ku je ku faɗi abin da kuka gani, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ku da kuka gama a nan kuna ɓoye sunanta a birni kamar yadda na taɓa yi, ku faɗe shi da ƙarfi. Wanda yake da aikin da ba a gani, ya dubi mutumin nan ya ga iya abin da tsintsiya da gwangwanin fenti suka yi wa gari guda.

Kawu, mun gode. Mun gode da azuzuwan da muka tarar da ɗumi ba mu taɓa tambayar wa ya ɗumama ba. Ni kuma na gode da ka ƙi ni lokacin da kowa yake tafa mini.

Ranar biyu ga Maris, ƙarfe takwas da rabi ake kiran suna. Malama Pyo ta roƙe ni in gaya maka a bainar jama'a, tunda a ɓoye ka ƙi ji: an ɗauki sabon ma'aikaci, makullin ɗakin ƙasa nasa ne, kuma ɗalibi ba ya zuwa ƙarfe shida saura kwata.