Zinariya Mai Radiyon Madawa

Shekara goma sha shida Zinariya ta yi a wani ɗan ɗaki cikin ofisoshin gwamnati a Madawa, radiyo huɗu jere a gabanta. Jandarma da tasu tashar, sojoji da tasu, asibiti da 'yan kwana-kwana haka, kuma kowa na ganin nasa aikin ya fi. Ita ce ke ɗauko maganar wannan ta miƙa wa wancan. Bakinta babu linzami. Ta taɓa ce wa wani kumandan ya daina hura mata iska a kunne, ya faɗi inda gobarar take. Ni dai ban ga wanda ya fi ta kunne ba, domin ba muryar mutum kaɗai take ji ba, har abin da ke bayansa.

Ran kasuwar Bangi, da hantsi, 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar a kan babura. Suka harbe mahauta biyu a bakin rumfa, suka sassare wani mai awon gero, suka cinna wa rumfuna wuta. Zinariya ta haɗa kowa a tasha ɗaya, ta tura motar asibiti. Direbanta Nazir ne, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya uku.

Bayan azahar muryarsa ta shigo.

"Yaya, mota ta kahe cikin kwari, gabas ga gari. Akwai masu rauni. Maharan sun tahi. A turo soji maza."

Hannunta ya kai kan radiyo, ya tsaya. Motar nan batirinta ya mutu tun bara, Nazir ba ya kashe ta a daji ko da sallah zai yi. Yanzu kuwa babu ƙugin inji a bayansa, babu nishin mai rauni. Sai tarin wani namiji, kusa da shi ƙwarai.

Nan take ta gane. Maharan sun kama shi, sun ɗora masa bindiga, suna son ya jawo musu sojoji cikin kwarin su yi musu ruwan wuta. Kuma duk abin da ta faɗa a tashar nan, suna ji. In ta tura sojojin, su ashirin ɗin duk sun halaka. In ta janye su, Nazir ba shi da sauran amfani a hannun mutanen.

Kumandan sojojin ya yi kira daga hanya: "Madam, mun ji. Mu shiga?"

"Kowa shi koma tasha ta biyu," in ji ta. "Yanzu."

A can, inda radiyon motar Nazir ba ya kamawa, ta gaya musu tarko ne, su zagaya ta tudu. Ta mayar da wata motar asibiti da ke kan hanya baya, ta aika 'yan kwana-kwana kasuwa ta hanyar yamma. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma wallahi hawaye har kan teburi.

Radiyo ɗaya ta bari a tsohuwar tashar. Tasha ta yi tsit, maharan suka gane.

"Yaya," Nazir ya ce a hankali, "kin yi daidai. Ki riƙe mini ɗiyan nan uku."

Harbi biyu ta ji, sannan wani ya taka radiyon.

Sojoji suka sauko ta tudu, suka kashe bakwai, sauran suka tsere, babu soja ko ɗaya da ya faɗi. Da la'asar kumandan ya kira, ya ce sun sami gawar direban, yana neman sunansa da wanda za a sanar a danginsa.

"Nazir Abubakar," ta ce. "An riga an sanar."