Ranar da Saude Ta Ɓoye Takalman Malam Hayatu

A Tiga, duk wanda injin ban-ruwansa ya taɓa yi masa gardama ya san Malam Hayatu makaniki. Gajeren mutum ne mara hayaniya. Shekara da shekaru yana bin gonakin rani da jakar sifanu a kafaɗa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonar wani, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Matarsa Saude ce ta yi jinyar. Damina ta zo ta wuce yana kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali. Da Allah ya kawo sauƙi ya fara takawa, sai ta soya waina ta yi sadaka, ta ce wahala ta ƙare.

Ashe wata sabuwa ce za ta fara. Likitan da ke gasa masa ƙafa ya ce ya riƙa ɗan tattaki. Ɗan tattaki fa aka ce! Sai ga Hayatu ya sayo takalman gwanjo irin na 'yan ƙwallo a Kwanar Dangora, ana sallame asuba ya kama hanyar bakin dam yana sassarfa. Ranar farko masunta suka hango dattijo da furfura yana gudu, suka yar da komarsu suka rufa masa baya da sanduna, suna tambayarsa ina ɓarawon ya bi. A garin nan babba ba ya gudu sai da dalili: gobara, ko maciji, ko mugun labari.

Tun yana juyowa daga bakin dam, har ya zama sai ya doshi hanyar Bebeji. Duk mai babur ɗin da ya gan shi sai ya taka birki.

“Baba, hau in rage maka hanya.”

“Na gode, ba inda za ni.”

Wannan amsar ta fi komai ɗaure wa mutane kai. Mutum yana haki, gumi ya jiƙa riga sharkaf, kuma wai ba inda za shi?

Ƙaninsa Bature ya zo ya sami Saude a tsakar gida. “Matar Yaya, ana fa zaginmu a gari. Wai mun bar mara lafiya yana gararamba a titi, ko babur mun kasa ɗora shi. Wasu ma cewa suke ciwon ne ya bar ƙafa ya hau kai.”

Ita Saude ba zagin ne ya dame ta ba. Tsoronta ɗaya ne: kada a sake shigo mata da shi ranga-ranga. Kuma ta rasa gane lamarin. Mutumin da Allah ya mayar wa da lafiya, maimakon ya lallaɓa ta, sai ya ɗauke ta yana ta bugawa da titi? Ya dawo ƙafa a kumbure yana ɗingishi, bakinsa kuma bai fasa alhamdu lillahi ba. Godiya ce wannan ko butulci? Ta tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai san yadda zai gaya mata ba. Haushi ya kama ta, ta tura takalman cikin buhun masara ta ɗaure baki.

Washegari ya dawo daga masallaci ya duba bayan ƙyaure, ya duba ƙarƙashin gado. Bai tambaye ta ba. Ya ɗauko tsohuwar tabarmar nan ya shimfiɗa a ƙofar ɗaki, ya zauna ya miƙe ƙafar hagu, yana nan har hantsi.

Saude ta fito daga madafa da kwanon kunu, ta gan shi a daidai wurin da ya yi damina a kwance. Ta dubi hannunta, sai ta ga ashe har da cokali ta ɗauko. Ta matso kusa da shi.

“Malam, don Allah me kake nema a titin nan?”

Ya shafa gwiwarsa. “Kin tuna likita yana tsira mini allura a nan, yana tambaya ko na ji? Ban ji ba, Saude. Kamar ƙafar wani ce aka ajiye a gefena. Yanzu in na yi nisa ta fara zogi, sai in san tawa ce.”

Ba ta gane duka ba, har yau ma ba ta ce ta gane ba, kuma tsoron bai bar ta ba. Amma ta ajiye kunun, ta kwance bakin buhu, ta kakkaɓe takalman ta dire a gabansa.

“Tashi mini daga tabarmar nan,” in ji ta.

Yana fita ta naɗe tabarmar ta cusa ta can bayan rumbu, sannan ta ɗora ruwan da za ta gasa masa ƙafa in ya dawo.