Baba Mai Kunne Ya Ajiye Sanda

Shekara talatin da takwas, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi ba Baba Mai Kunne bai buɗe garejinsa ba. Rumfar kwano ce a ƙarshen layin masu faci, da rami guda, da benci mai ƙafa uku wanda aka tokare da mataccen batir. Yakan share ƙasa, ya jera sifanu a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya ɗauko sandarsa. Ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu da ƙotar itace. Sai ya ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Na'urarsa ke nan duka.

Ba ya buɗe bonet sai mai mota ya kwaikwayi kukan da bakinsa, babu babba babu yaro. Ya ce mota takan yi lamo idan ta ga gareji, amma mai ita ya kwana biyu yana jin ta. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya ce da idonsa ya ga wani babban ma'aikaci tsaye cikin takalmi mai sheƙi yana ta "gurrr, ƙat, ƙat", Baba kuma yana girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wannan ai kukan tunkiya ka yi min. Sake."

Masu ƙaramin ƙarfi ne abokan hulɗarsa. Akwai direban tasi da aka ce masa giyar motarsa ta tashi aiki, har ya fara neman mai sayen motar. Baba ya zauna a gefensa suka zaga layi sau biyu, ya sauko ya ɗaure noti ɗaya a ƙarƙashin salansa, wato bututun hayaƙi. Direban yana nan da ransa, har gobe da motar yake ciyar da gidansa.

Sai dai injin da ake kara wa kunne kullum ba ya barin kunnen haka. Na hagu ya tafi shekara uku da suka wuce, na dama ya bi bayansa a hankali. Baba ya ɓoye. Ya koyi kallon bakin mai magana, yana yin dariya idan ya ga an yi. Sau biyu ya yi kuskure ya canja abin da lafiyarsa ƙalau, kuma maganar ta zaga gari fiye da yadda alherinsa ya taɓa zagawa. Motoci suka ragu. Waɗanda ya koya wa aiki tuni sun koma sayar da kayan gyara, don can ne ake samu. Ya yanke shawarar rufewa ƙarshen wata.

Ana saura kwana huɗu wata mata ta shigo da tsohuwar mota. Tela ce, kuma da motar take kai mijinta wankin ƙoda sau biyu a mako, asibitin kuwa da nisa.

"Baba, gareji biyu na je, duk sun ce sai an sauke inji. Abin da ke hannuna ko rabin kuɗin bai kai ba. In ta kwanta, wallahi ban san da me zan kai shi jibi ba."

"Yi min kukan, 'yata."

Ta yi, ba kunya ba dariya. Ya zuba wa leɓenta ido, bai ji komai ba. Aka tayar da motar, ya kara sanda a kunnen dama, ya danna har ƙotar ta yi masa shaida a kunci. Shiru. Abu mafi sauƙi shi ne ya faɗi abin da sauran suka faɗa, ba wanda zai zarge shi. Amma ya san in ya ce a sauke inji, motar ba za ta ƙara tashi ba.

Sai ya sa ƙotar a baki ya cije.

"A'a! Baba, yunwar har ta kai haka?" in ji mai faci.

Bai ji shi ba. Rawar injin ta biyo ƙarfe ta shiga haƙoransa, ta hau muƙamuƙi har cikin kai. Ya riƙa matsar da sandar wuri bayan wuri, hawaye na zubo masa don azaba. Da ya kai kan famfon ruwa, sai ya ji abu yana gurzar ƙashinsa kamar ana niƙa tsakuwa. Ya zare sandar, ya tofar da jini.

"Injinki lafiya lau. Boris ɗin da famfon ruwa ke juyawa a kai ne ya cinye."

Ya je wajen masu tsofaffin kaya da ƙafarsa, ya zaɓo famfo mai sauran rai, ya ɗaura kafin la'asar. Matar ta murɗa makulli, ta kasa kunne, ta dafe ƙirji.

"Baba, ka ji? Ta yi shiru!"

"'Yata, ni ai motocin duniya duk sun daɗe da yi min shiru. Ke za ki gaya min."

A ranar ne mai faci ya gane Baba ya kurmance, ya koma rumfarsa.

Baba Mai Kunne, kai ne ka saurari motocin talakawa har ka rasa abin sauraro. Ba ka gina gida da sana'ar nan ba, ba ka bar mata magaji ba. Yau rumfarka a kulle take, kana zaune a ƙofar gidan haya, jikokinka na yi maka hira kana gyaɗa kai. Mu da muka mori kunnenka, babu wanda ya taɓa tambayarka yaya kunnen yake. Mun gode, kuma mun makara.

Ku matasan da ke riƙe da sifana, ku saurari mota kafin ku yanke mata hukunci, ku dubi mai ita kafin ku faɗi kuɗi. Ku je wurin dattijon nan tun bakinsa na iya koyarwa. Idan kuma za ku yi masa godiya, kada ku ɗaga murya, ba ta isa gare shi. Ku tsaya a gabansa, ku faɗa a hankali, yadda zai gani.