Zoben da Sani ya aiko mini

Maƙerin ya sa allura a wuta har ta yi ja, ya ɗora bakinta kan shuɗin dutsen zobena. Sai na ji ƙaurin roba.

Ɗana Sani ne ya aiko mini da zoben daga arewa, inda ya tafi haƙar zinariya shekarar da soja suka karɓi mulki. Ya ce fairuz ne, dutse mai tsada, daga wani ramin jan ƙarfe da aka rufe, ba a ƙara samun irinsa. Bana gero ya bushe a gona, shi ya sa na kai zoben wurin maƙeri a kasuwar Mayahi, in sayar in sayi hatsi.

Maƙerin ya ce, "Inna, na gaske allura ba ta cinsa, kuma sanyi gare shi a hannu. Wannan roba ce aka rina."

Na ce, "Sake gwadawa, ɗan nan."

Ya ce, "In na sake, huji biyu za ki koma da shi gida."

Ba hatsin ne ya tsaya mini a rai ba. Duk watannin da wayar Sani ba ta shiga, zoben nake duba in ce wanda ya iya sayen wannan ba ya kwana da yunwa. Yanzu ban sani ba, cutarsa aka yi, ko shi ma ba shi da komai ya ɓoye mini?

Na mayar da zoben yatsana da hujinsa. Ku masu 'ya'ya can arewa, in Allah ya sa ya kira, in faɗa masa ko in yi shiru?