Tsummokin da ke kan furen albasar Baba

A lokacin ni matashi ne mai zafin kai, na dawo daga biɗa a ƙasar Kwadebuwa da kunnuwa cike da labaran sammu da na kwaso a ɗakin 'yan ci-rani. Na tarar da Baba kwance, ciwo ya cinye shi, magana ma da ƙyar. Garkarmu ta albasa a fadamar Tama kuwa maƙwabcinmu ne ke ba ta ruwa, wani dattijon Bafillace da ya daɗe da ajiye sandar kiwo ya kama noma. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Mutum ya bar tasa garkar ya zo yana shan wahala a ta wani, haka kawai? Zuciyata ta ce mini akwai abin da yake nema.

Kusa da rijiya akwai fangalin da Baba ke barin albasa ta yi fure don iri, irin da ya gada wurin kakanmu. Wata safiya na hangi dattijon yana bin furannin ɗaya bayan ɗaya. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya wuce wannan, ya ɗaura wa wancan tsumma. Da ya tafi na matsa, sai na gane: daga tsohon rawanin Baba aka yago tsummokin. Wallahi ban tambaye shi ba, ban tambayi Inna ba. Na dinga laɓewa ina leƙe, kullum tsumma na ƙaruwa, kullum Baba na ƙara ramewa, ni kuwa na riga na yanke hukunci a raina.

Washegarin da muka binne Baba na ɗauki lauje na sare duk furen da ke da tsumma, na tara, na cinna wuta. Dattijon ya iso ya tarar da toka. Ya tsaya ya kalle ni, ya juya ya tafi. Inna ce ta faɗa mini da yamma, tana kuka, cewa Baba da kansa ya yaga rawanin ya ba dattijon. Ya roƙe shi ya zaɓar mini furannin da za a ajiye irinsu, don ya san ban iya bambancewa ba. Ta ce Baba kan ce furen albasa kamar mutane yake, daga nesa duk fari ɗaya, amma kowanne da halinsa, kuma ba kowanne ke barin na kirki a bayansa ba.

Na shuka abin da ya rage, albasar ta ruɓe cikin rudu, rumbun da muke ajiye ta, tun damina ba ta sauka ba. Irin kakanmu ya ƙare a hannuna. Na je na durƙusa wa dattijon, ya ce ya yafe, amma bai ƙara taka garkarmu ba har Allah Ya ɗauki ransa.

'Yan uwa, in kun ga abin da ba ku gane ba, ku buɗe baki ku tambaya kafin zargi ya yi muku jagora. Ni da hannuna na ƙone abin ƙarshe da ubana ya bar mini, kuma har yau in albasa ta yi fure ba na iya tsayawa kusa da fangalin.